Raƙuman Teku: Katangar Da Za Ta Tare Ruwa, Ta Kuma Ba Da Wuta

Idan mutum ya bar Lafiya ya miƙi hanyar Makurɗi, ba zai yi wata tafiya mai nisa ba zai isa Agyaragu, garin da ya yi suna wajen cinikin doya. Daga nan manyan motoci kan yi lodi su nufi Ikko da Fatakwal da sauran biranen kudu. Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ta gabas, wadda ta taso daga Fatakwal ta haye kogin Binuwai a Makurɗi ta doshi Kafanchan, ita ma ta nan ta ratsa. Amma teku kam babu shi a Agyaragu, babu shi kuma ko'ina cikin Jihar Nasarawa, gama tsakanin garin da gaɓar teku mafi kusa akwai fiye da kilomita 400, ko da tsuntsu ne zai yi tafiyar. Saboda haka in aka ce za a yi wa mutanen wannan yanki bayanin yadda ake tatsar wutar lantarki daga raƙuman ruwan teku, a kuma tsare gaɓa daga zaizaya da aiki guda, ba za a ga laifin wanda ya ce ina ruwan biri da gada ba.

To, ruwansa kuwa akwai. Wutar da ke zuwa Agyaragu, ran da ta ga damar zuwa, daga babbar wayar ƙasa take fitowa, watau tukunya guda ce ake ɗebar wa Ikko da Kano da Lafiya. A watan Fabrairu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe babbar tashar rarraba wuta ta Akurba, kusa da Lafiya, wadda ta ba jihar mahaɗa sosai da wannan waya. Amma tashar rarrabawa ba ta haifar wuta, abin da aka zuba mata shi take rabawa, abin da ake zuba wa ƙasar nan duka kuwa galibi bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Kuɗin da ake kashewa wajen kokawa da teku a kudu, daga baitulmali guda suke fita da na gyaran kwazazzaban da ke cin unguwanni a arewa, domin Asusun Kula da Muhalli na Tarayya, wanda aka kafa a 1981, na kowa ne. Ga kuma riɗin da ake nomawa a Doma da kewayenta, wanda ba ya isa kasuwannin Japan da Turkiyya sai ta tashar jiragen ruwa. Har ma da yashi. Duk ruwan saman da ya sauka a gonakin doyan wannan yanki Binuwai ya nufa, ya haɗu da kogin Kwara a Lakwaja, ya kwashi yashi da laka ya kai bakin teku, da irinsu ne kuwa ƙasar da garuruwan Brass da Forcados ke zaune a kai ta ginu. Mutumin tudu yana da hannu cikin sha'anin gaɓa, ko da bai taɓa ganin teku da idonsa ba.

YADDA TEKU YA CINYE BAR BEACH

Gaɓar tekun Nijeriya ta kai tsawon kilomita 853, daga iyakar Jamhuriyar Benin zuwa ta Kamaru. Wanda ya tsaya a bakin ruwa a Ikko zai lura raƙuman ba sa zuwa masa gaba da gaba, a karkace suke faɗowa daga kudu maso yamma. Kowane raƙumi in ya fashe sai ya tura yashi tudu a karkace, in zai koma kuma ya janye shi a miƙe, ta haka yashin ke matsawa gabas taku-taku. Tun daga bakin kogin Volta a Gana, ta Lome, ta Kwatano, har Ikko, akwai wani kogin yashi da ba a ganin tafiyarsa, yana gangarawa dare da rana. Muddin abin da ya shigo daga yamma ya yi daidai da abin da ya fice ta gabas, gaɓa tana nan inda take.

A 1908 Turawan mulki suka fara jibge duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwan Ikko, suka gina dogayen katangu da suka kutsa cikin teku, don yashi ya daina toshe wa manyan jirage hanya. Daga Abekuta aka riƙa kawo dutsen a jirgin ƙasa. Bukata ta biya, jirage suka sami shiga, Apapa ta zama abin da ta zama. Sai dai kogin yashin nan ya tarar an datse masa hanya. A yamma da katangun yashi ya yi ta taruwa, gaɓa tana faɗaɗa. A gabas kuwa, watau Bar Beach na tsibirin Victoria, raƙuman ruwa suka ci gaba da kwasa, babu mai mayarwa, har wasu shekarun teku kan ci mita 25 zuwa 30. Tun daga 1958 gwamnatoci suka shiga haƙo yashi daga ƙarƙashin ruwa suna zubawa, teku yana kwashewa, ana sake ba da kwangila. Dattawan da suka zauna Ikko cikin shekarun 1970 za su tuna Bar Beach, filin nan da ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna a harbe su gaban jama'a. Kafin 2005 ruwa ya ci filin, ya iso titin Ahmadu Bello inda ofisoshin jihohi da dama suke, in ya yi toroƙo har cikin gidaje yake malalawa.

Maganin da aka yi daga baya shi ne aikin Eko Atlantic, wanda aka fara wajen 2008. An tsara katanga mai tsawon kilomita 8.5 ta manyan duwatsu, aka rufe fuskarta da curin kankare kimanin 100,000, kowane mai nauyin tan 5, waɗanda aka zuba da siffar da za su sarƙe juna. A bayanta aka cike teku da yashi domin gina sabon birni. Tsibirin Victoria ya sami lafiya. Amma ƙauyukan da ke gabas, irin su Okun Alfa, sun yi asarar gidaje da hanyoyi da itatuwan kwakwa, mazauna wurin suna ɗora wa katangar laifi, masu aikin suna musu, gwamnatin jihar kuwa ta bi su da harsunan duwatsu da ke miƙewa cikin ruwa don riƙe yashi.

Wannan ba ciwon Ikko kaɗai ba ne. Wani bincike da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa ambaliya da zaizaya da gurɓatar muhalli a gaɓar jihohin Ikko da Delta da Kuros Riba sun jawo asarar da ta kai dala biliyan 9.7 a shekarar 2018 kaɗai.

Abin lura a nan shi ne, katangar teku ba ta da wani aiki sai shan duka. Ana kashe dukiya mai ɗimbin yawa a gina ta, ta tsaya shekara da shekaru raƙuman ruwa suna jibgarta, duk ƙarfin nan yana watsewa a banza cikin kumfa da ƙara. Tambayar da injiniyoyi suka daɗe suna yi ita ce, tun da dukan nan ba makawa ne, me zai hana a sa shi ya juya inji?

ƘARFIN DA KE CIKIN RAƘUMI

Wanda ya taɓa tsayawa gefen gonar gero lokacin da iska ke kaɗawa ya ga raƙumi, ko bai sani ba. Zangarniya takan sunkuya ta ɗago, na kusa da ita ya karɓa, motsin ya ratsa gona daga wannan gefe zuwa wancan, alhali kuwa babu karan da ya bar inda yake. Haka ruwan teku yake. Ruwan ba ya tafiya sai kaɗan, ƙarfin da iska ta zuba masa shi ke tafiya. Raƙuman da ke fashewa a Ikko da Kwatano yawancinsu can kudancin tekun Atlantika aka haife su, inda guguwa ke tashi, su yi kwanaki suna ketare dubban kilomita kafin su iso mana. Ruwa kuwa ya fi iska nauyi kamar sau 800, shi ya sa ɗan motsinsa ke ɗauke da ƙarfi mai yawa.

Masana suna auna wannan ƙarfi da kilowat a kan kowace mita ta faɗin raƙumin, lissafin kuma ba shi da wuya. A ɗauki tsayin raƙumi a ninka shi da kansa, a ninka da daƙiƙun da ke tsakaninsa da mai bi masa, sa'an nan a raba biyu. Raƙumi mai tsayin mita ɗaya da rabi, mai zuwa kowace daƙiƙa 10, yana ɗauke da kimanin kilowat 11 a kowace mita. In tsayin ya zama mita 3 ƙarfin ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi, watau kilowat 45. Cikin wannan lissafi alheri da masifar sana'ar duka suke. Injin da aka ƙera don ya ci abinci daga raƙumin mita 2, dole ne ya jure na mita 10 ran da teku ya fusata, wanda ya fi shi ƙarfi aƙalla sau 25. Ga gishiri yana cin ƙarfe, ga ƙwarin ruwa suna manne wa kome.

Kada mai karatu ya haɗa wannan da cikar teku da janyewarsa sau biyu a rana, wadda jan wata ke haddasawa. Ita ma ana samun wuta daga gare ta, kamar a La Rance ta Faransa tun 1966 da tafkin Sihwa na Koriya ta Kudu tun 2011, amma tana bukatar wurin da ruwa ke hawa mita da yawa. A Ikko abin da yake hawa bai fi mita guda ba.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1799 wani Bafaranshe mai suna Girard da ɗansa suka yi rajistar dabarar amfani da raƙuman ruwa a birnin Paris. Cikin shekarun 1960 Yoshio Masuda, tsohon hafsan sojan ruwan Japan, ya ƙera fitilun nuna wa jirage hanya masu samun wuta daga motsin ruwan da suke yawo a kai. Amma abin da ya zaburar da Turawa shi ne takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka sa a 1973, wanda mu a nan ya zame mana kakar kuɗi. A 1974 Stephen Salter na Jami'ar Edinburgh ya fito da wata na'ura da ake ce wa agwagwa, mai gyaɗa kai bisa ruwa, wadda a tankin gwaji ta kama wajen kashi 90 cikin 100 na ƙarfin raƙumi. Da man ya yi sauƙi sai ɗokin ya kwanta, a 1982 gwamnatin Ingila ta janye hannunta daga shirin.

ZUGAZUGIN MAƘERI A CIKIN KATANGA

Cikin dabarun da aka gwada, wadda ta fi dacewa da katanga ita ce mai kama da zugazugin maƙeri. Ana gina ɗaki na kankare a jikin katangar, ƙofarsa tana ƙarƙashin ruwa ta fuskar teku, samansa kuwa iska ce a kulle, sai wata 'yar kafa a rufi. In raƙumi ya zo ruwa yakan hau cikin ɗakin ya matse iskar ta fice ta kafar da ƙarfi, in ya koma kuma ruwan ya sauka ya zuƙo iska ciki. A cikin kafar ake sa farfela da janareta. Matsalar ita ce iskar tana sauya fuska kowace 'yan daƙiƙu, farfela ta yau da kullum kuwa sai ta riƙa gaba tana baya. Alan Wells na Jami'ar Queen's da ke Belfast ya warware wannan a ƙarshen shekarun 1970, da ya ƙera farfela mai juyawa gefe guda ko ta ina iska ta fito. Kyan dabarar shi ne babu wani ƙarfe mai motsi da ke cikin ruwan gishiri, kome yana sama, inda makaniki zai iya zuwa da mota ya kwance ya gyara.

Japan ta gwada ta a katangar tashar jiragen Sakata a 1989, da inji mai kilowat 60. Indiya ta bi baya a Vizhinjam, jihar Kerala, a 1991. Amma wurin da kowa ke kafa hujja da shi a yau shi ne Mutriku, wani ƙaramin garin masunta a yankin Basque na arewacin Sifen. Mashigar tasharsu tana da haɗari, gwamnatin yankin ta riga ta yanke shawarar gina sabuwar katanga mai tsawon mita 440 don tsare jiragen kamun kifi. Sai hukumar makamashi ta yankin ta ce, tun da za a zuba kankaren nan ko ta yaya, a bar mata ɗakuna 16 a jiki. Aka sa wa kowane ɗaki farfela mai kilowat 18.5, jimla kilowat 296, aka buɗe a watan Yuli na 2011. Tun ana cikin gini guguwa ta fasa wani sashe, da aka fara aiki kuma mutanen gari suka koka da gurnanin iskar, sai da aka sa abin rage ƙara. Duk da haka tashar ta yi abin da ya gagari sauran, watau ta daɗe. A 2020 wutar da ta tura cikin wayar ƙasa ta kai kilowat-awa miliyan 2, zuwa ƙarshen 2023 kuma ta kai miliyan 3.

Sai dai a yi hattara da manyan lambobi. In aka raba wannan wuta da sa'o'in da tashar ta yi, za a ga a tsakaice ba ta ba da fiye da kilowat 30 ba, watau kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da aka rubuta a jikinta. Janaretan gidan mai guda a kan hanyar Makurɗi yana iya yin haka. Madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, an gina ta ne da ƙarfin megawat 760, sai an tara irin Mutriku fiye da 2,500 kafin a kamo ta, a bisa takarda ma ke nan.

Waɗanda suka fita tsakiyar teku neman ƙarfi mai yawa kuwa, labarinsu ya fi ɗaci. A 2008 Fotugal ta buɗe gonar raƙuman ruwa ta farko a duniya a Aguçadoura, da na'urorin Pelamis guda uku, kowace kamar macijin ƙarfe mai gaɓoɓi, jimlarsu megawat 2.25. Bayan 'yan watanni aka janyo su gaɓa, ba su koma ba, kamfanin kuma ya durƙushe a 2014. Ko na bakin gaɓa ba duka suka tsira ba, gama tashar Toftestallen ta Norwe mai kilowat 500, da aka kafa a jikin dutse a 1985, guguwa ta tumɓuke ta a 1988.

GWAJIN DA AKA YI A GANA

Maƙwabtanmu sun riga mu tsoma ƙafa, a ƙasar da Hausawa suka sani tun zamanin fataucin goro na Gwanja, inda zango-zango ke cike da 'yan uwanmu daga Salaga har Ankara. A inda kogin Volta ke shiga teku akwai garin Ada Foah, gabas da shi kuma akwai Keta. Garuruwan nan biyu teku ya daɗe yana cin su. Ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmark suka gina a Keta a 1784, ruwa ya rushe mafi yawanta a 1980. Ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965 don samar da wuta. Madatsa takan tsai da ruwa, in ruwa ya tsaya yashi ya kwanta a gindinta, abin da ke wucewa teku sai ruwa tsabtatacce, gaɓa ta rasa abincinta. Mu ma Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, da Lagdo ta Kamaru da ke kan Binuwai tun 1982, haka suke riƙe yashin da ya kamata ya isa yankin Neja Delta. Wani kaso na kuɗin wutar da muke sha a tudu, mutumin gaɓa ne ke biya da filin gidansa, ba tare da an kai masa takardar biya ba.

Gana ta gina wa Keta kariyar duwatsu da aka kammala a 2004. Keta ta sami sauƙi, zaizayar ta koma ƙauyukan gabas, inda a watan Nuwamba na 2021 toroƙon teku ya raba dubban mutane da gidajensu. A Ada kuma, wani kamfanin Gana mai suna TC's Energy tare da kamfanin Seabased na Suwidin suka saukar da na'urorin gwaji cikin teku. Tasu dabarar dabam ce. Mai karatu ya ƙaddara goran da masuntan Argungu ke hawa, amma na ƙarfe, yana yawo a kan ruwa, an ɗaure shi da igiya zuwa wani inji da ke zaune a ƙasan teku. In goran ya hau ya sauka sai ya riƙa jan maganaɗisu cikin naɗin waya, wuta ta samu. An yi shelar cewa aikin zai kai megawat 1,000, a 2018 aka sa hannu kan yarjejeniyar megawat 100 na farko. Shekaru suka shuɗe babbar tashar ba ta tashi ba. Irin wannan labari ba baƙo ba ne ga mutanen Jihar Nasarawa, waɗanda suka ga an fara aikin wutar Farin Ruwa mai megawat 20 a yankin Wamba tun zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, gwamnoni suka zo suka wuce ana ta alkawari.

INA MUKA DOSA?

Tekunmu ba shi da zafin na Turai. A yammacin Sikotilan da Ailan mita guda takan ɗauki kilowat 40 zuwa 70, a tamu gaɓar kuwa, inda raƙuman suka fi yawa tsakanin mita ɗaya zuwa biyu, abin yana wajen kilowat 10 ne. Wannan rashi ne, amma da ɗan rufin asiri a ciki, domin ba mu da irin guguwar da ke karya injuna, raƙumanmu kuma dogaye ne masu zuwa a jere. Har wa yau sun fi ƙarfi da damina, daidai lokacin da hadari ke rufe rana a kudu, ba su kuma san dare ba. Ga ƙauyen masunta da ke neman ƙanƙarar adana kifi, wanda wayar ƙasa ba ta taɓa isa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A ganina gaskiyar magana ita ce, raƙumin teku ba zai kunna fitila a Agyaragu ba, ba bana ba, ba baɗi ba. Wutar da Mutriku ke bayarwa a shekara, faifan hasken rana na kilowat 200 za su ba da fiye da ita a ƙasar Lafiya, ba za su ma cika filin ƙwallo ba. An kuwa fara, domin a watan Nuwamba na 2021 kamfanin Husk Power Systems ya buɗe ƙananan tashoshin hasken rana guda shida a ƙananan hukumomin Doma da Lafiya, ciki har da Rukubi da Kiguna da Gidan Buba. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon samarwa da rarraba tasu wutar. Duk wanda ya zo wa gwamnatin wata jiha ta tudu da zanen gonar raƙuman ruwa yana neman hannun jari, a ba shi ruwa ya sha a raka shi ƙofa.

Inda dabarar ke da riba shi ne inda Mutriku ta same ta, watau wurin da katanga ta zama dole. Mafi yawan kuɗin irin wannan tasha a kankare da harsashi yake tafiya, in tashar jirage ko kariyar gari ta riga ta ɗauki wannan nauyi, abin da ya rage shi ne ɗakuna da farfela. Ɗakin kuma yana shanye wani ɓangare na dukan, maimakon ya mayar da raƙumin baya ya haƙe gindin katanga. Amma dole ne a sa shi tun a zane. Tashar jiragen Lekki, da aka buɗe a watan Janairu na 2023 da katanga mai kusan kilomita 2, an gama ta babu ko ɗaki guda. Ga katangun da aka riga aka gina, akwai wata dabara ta kamfanin Eco Wave Power, wadda ake maƙala goruna a jikin katanga suna hawa da sauka suna matsa mai cikin bututu. An gwada ta a Jibralta daga 2016, da Jaffa a 2023, da tashar Los Angeles ta Amurka a 2025, duka dai ƙanana ne, na kimanin kilowat 100.

Akwai kuma masu cewa in aka jera na'urori cikin teku nesa da gaɓa, raƙuman za su iso da rauni, zaizaya ta ragu ba tare da an gina katanga ba. Hankali yana karɓar wannan, amma hujjarsa mafi yawa daga lissafin kwamfuta da tankunan gwaji take. Mu da muka ga abin da duwatsun 1908 suka yi wa Bar Beach ya kamata mu fi kowa tambaya, in an rage wa raƙumi ƙarfi a nan, yashin da yake ɗauka zai tsaya a nan, to wa ke gabas da zai rasa shi?

Ba kuma kowace gaɓa ce ke ɗaukar kankare ba. Ayetoro ta ƙasar Ilaje a Jihar Ondo, wadda aka kafa a 1947, gari ne da ya yi wa kansa wutar lantarki tun cikin shekarun 1950, lokacin da manyan birane da yawa ke kwana da aci-balbal. Teku ya cinye babban ɓangarensa, da gidaje da makarantu. Hukumar raya yankin Neja Delta ta ba da kwangilar kare garin a 2004, ta sake bayarwa a 2009, kariya ba ta samu ba. Babu garin da ya fi shi bukatar katanga da wuta a lokaci guda, amma gaɓarsa laka ce ba yashi ba, abu mai nauyi in aka ɗora nutsewa yake yi, sai an yi masa nasa nazari dabam.

Damar da ke gabanmu tana wurin katangun da ba a gina ba tukuna. Katangar mashigar Escravos, wadda aka gama a 1964 don jirage su isa Warri, ta lalace tana bukatar sabon gini. Ana maganar sababbin tashoshi a Badagry da Akwa Ibom da Bakassi, ga kuma titin bakin teku mai kilomita 700 daga Ikko zuwa Kalaba da aka fara a 2024, wanda wasu sassansa ba za su zauna ba sai da kariya. Muna da Cibiyar Nazarin Teku ta ƙasa a tsibirin Victoria tun 1975, muna da Ma'aikatar Harkokin Teku da aka ƙirƙiro a 2023. Abin da ya kamata su fara yi ba ya bukatar biliyoyi: a jefa ma'aunai cikin ruwa a waɗannan wurare, a yi shekara biyu ko uku ana rubuta tsayin raƙuman da tazararsu da inda yashi ke nufa, a buga sakamakon kowa ya gani. 'Yan majalisar da Jihar Nasarawa ta aika Abuja suna da ƙuri'a a kan kasafin kowace ɗaya daga cikin waɗannan katangu, suna kuma da ikon tambayar ministan ko an bar wa farfela ɗaki a cikin zanen.